Mai Tarko da Remar da Aka Kasa Sanin Dutsenta

Shekara ashirin da shida Mai Tarko ya yi yana hawa duwatsu biyun nan, na gabas da na yamma, yana kama rema da ranta. Da can maharbi ne kamar ubansa, har ranar da wata malamar jami'a ta zo neman wanda ya san ramukan remaye. Tun daga nan ya rataye bindiga. Aikin ba wuya a baki: ka kama, ka kawo tanti a gindin dutse, Malama ta ɗan yanki fatar kunne ta jefa a kwalba, ka mayar da dabba daidai inda ka ɗauko ta. Matarsa takan ce duk duniya shi kaɗai ne maharbin da ke raka nama gida.

Mayarwar nan kuwa Malama ba ta wasa da ita. Ta sha gaya masa cewa a zamanin da duniya ke da sanyi, remayen duwatsun biyu sukan sauko kwari su cuɗanya su hayayyafa. Da zafi ya ƙaru, kwarin ya fi ƙarfinsu, kowane ɓangare ya haye dutsensa ya zauna. Dubban shekaru ke nan rabonsu da juna, har jinin kowane dutse ya zama daban, ko da yake ido ba ya gani. Ka saki ta gabas a yamma, ka dagula abin da ba mai iya gyarawa.

Mai Tarko bai iya rubutu ba, bai kuma taɓa jin kunyar haka ba. Igiya yake ɗaura wa keji: ƙulli ɗaya gabas, ƙulli biyu yamma. Ba su taɓa ba shi kunya ba, sai ranar da aka kawo sabon direba, mutum mai son gwaninta. Ganin jarkar ruwa tana rawa a bayan mota, sai ya kwance igiyoyin keji biyu, ɗaya mai remar gabas ɗaya mai ta yamma, ya ɗaure ta da su tamau.

A tanti Malama ta juya rema ta farko, ta duba cikinta.

"Baba, wannan shayarwa take yi. Daga wane dutse take?"

Ya duba keji, babu igiya. Ya duba ɗayan, babu. Duka biyun mata ne, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kuma cikin gaggawa ya rufe su da buhu.

"Yi haƙuri, Baba," in ji direba, "ai na ɗauka tsumma ne."

Ko kallonsa bai yi ba. Da ya ce gabas, ba mai musa masa. Bakinsa ya ɗauko kalmar, ya haɗiye ta.

"Malama, ban sani ba."

"Gwajin fatar kunne sai sati shida. 'Ya'yan ba za su kai kwana uku ba."

"To bari in je in tambaye su."

Ya goya kejin ya hau gabas, awa uku, mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Ya ajiye ta a bakin ramin da ya kafa tarko, ya koma bayan wani dutse ya laɓe. Uwar ta dunƙule, ko motsi. Ba abin da ya leƙo. Shin ba nan ba ne, ko kuwa shaho ya riga shi? Haka ya sauko da tambayar.

Washegari ya hau yamma. Uwar ta ƙi ganye, ta ƙi ruwa, numfashinta sama-sama, har yana tsayawa ya kara kunne a buhun ko tana da rai. Tun kafin ya sauke kejin ta fara zabura tana kuka. Ya ajiye, ya ja baya.

Can sai ga wani ɗan kai ya leƙo daga tsaga. Ɗan ya fito yana tangaɗi, ya manna hanci a wayar keji. Mai Tarko ya zare sakata, ɗan ya cafki nono.

Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Amma uwar ba ta tsaya ba. Ta ja ɗan a jikinta zuwa bakin tsagar, ta sa kai ciki tana kira. Mai Tarko ya rarrafa ya leƙa. Na biyun yana kwance a gefe, tururuwa sun riga sun same shi. Ya zauna dirshan a kan dutsen, hawaye na bin gemunsa, ita kuwa ba ta daina kira ba.