Ƙwayar da Ba Tawa Ba

Saura kaɗan in haɗiye ƙwayar, 'yata Rabi ta riƙe mini hannu.

"Baaba, wannan ba taka ba ce!"

Wata biyu ke nan 'yata tana tahowa daga unguwar Maamobi kullum da safe ta gaishe ni a unguwarmu Nima. Ni kuwa sai hura hanci nake, wai tsufana ya yi albarka. Ashe kwalba ta ɓoye cikin ledar maganin hawan jinina. Ni da boko tun aji huɗu muka raba gari, duk kwalba ɗaya ce a wurina.

"To ta mece ce?"

"Riga-kafin ƙanjamau. An gwada ni, lafiyata ƙalau. Amma mijina direba ne, Baaba, kuma na ga abin da ke cikin wayarsa. In ya ga kwalbar nan a ɗakina, ka dai san hannunsa."

Na mayar da ƙwayar cikin kwalbarta.

Ƙarshen watan nan mijin zai mayar da ita wata unguwa da ake kira Malam da zama. Nisan ya fi ƙarfin gaisuwar kullum, maganin kuma ba a tsallake masa rana.

Iyayen 'ya'ya mata, don Allah ku faɗa mini, ina za ta ɓoye shi a can? Wallahi tsoro nake ji.