Baƙar caja da muryar Baba

Ƙas. Haka kawai abin ya yi, kamar ƙwayar gero ta faɗa a faranti, har na leƙa gefen tabarma ina neman abin da ya faɗi. Sai wani ɗan ƙauri ya biyo baya, irin na gashi in ya taɓa wuta.

Ranar ce Inna, mahaifiyata, ta zo mana Wurno daga Rabah, fitarta ta farko tun da ta gama takabar Baba. Abu ɗaya ya kawo ta. A azumin Baba na ƙarshe, maigidana ya ɗauki karatun da yake yi wa mutane a zaure, ya zuba shi cikin wani ɗan akwatin ajiya da ake jonawa da kwamfutarsa. Shekara da shekaru Inna tana jin karatun nan ta bayan katanga, rabi-rabi, hannunta na kan muciya. Yanzu tana so ta zauna ta ji shi sosai. Ta yi alwala, ta shimfiɗa ƙafafu, ƙaramar ɗiyata ta lafe a jikinta.

Maigidan kuwa yana Goronyo. Lokacin sakin ruwa ne ga masu noman rani, shi kuma yana cikin masu duba hanyoyin ruwan. Akwatin yana da tasa caja daban, sai na kira shi a waya.

"Malam, wace caja za ni sa mai?"

"Baƙar. Tana nan cikin kwalla."

Na buɗe kwallar. Ta fanka baƙa, ta fitila baƙa, ga wasu da ban ma san na mene ne ba, duk sun nannaɗe juna.

"Ai dukansu baƙaƙe na."

"Wadda bakinta ya shiga, ita ta," ya ce, ƙarar injin ban-ruwa na cinye maganarsa. Waya ta yanke.

Ta farko ta ƙi shiga. Ta biyu ta shiga daidai, har da ɗan kamawa. Na jona igiyar akwatin a jikin kwamfutar, na yi bismilla na kunna, shi ne abin ya ce ƙas.

Abin da ya fara rikita ni, kwamfutar ba ta mutu ba. Fuskarta tar, agogonta na tafiya. Amma ta ƙi ganin akwatin. Na cire cajar, na mayar da igiyar wani ramin, shiru. Na sa linzamin kwamfutar a ramin, ɗan jan haskensa bai kama ba.

Na sake kiran Malam. Ya ce bari ya tambayi wani mai gyara a Sakkwato. Da ya kira na buɗe muryar wayar don Inna ta ji.

"Yac ce wuta ta yi yawa, ta bi igiya ta shiga ciki. Baki ukku duk sun mutu."

Inna ta ajiye carbi. "Innalillahi. Baƙin wa? Cikin ruwan sunka hwaɗa?"

"Ba mutane ba na, Inna. Bakin kwamfuta."

"Baki gare ta? Har ukku?" Ta dube ta sama da ƙasa. "To da wanne take magana?"

Ni ma ban sani ba.

Na tambayi Malam muryar fa. Ya ce sai an kai birni an gwada, wataƙila tana nan, wataƙila ta tafi tare da bakunan. Ya ce wai kowace caja akwai ƙarfinta a rubuce a jiki, shi ma bai taɓa dubawa ba, tasa ya gane ta ne da wani ɗan karce. Na fita tsakar gida na ɗaga mai karcen da wadda na sa ga hasken la'asar. Ga rubutun nan ƙanana kamar tururuwa, ɗaya sha biyu, ɗaya ashirin da huɗu. Na yi sakandare, na karanta su sarai. Abin da ban gane ba har yau, don me mai ƙerawa zai yi musu baki ɗaya alhali wutarsu ba ɗaya ba.

Da na koma ɗaki na tarar Inna ta ɗauki akwatin ta rufe shi da gefen mayafinta. Da sauran ɗumi a jikinsa.

"Ke ɗiyar nan, gaya mini mi ake ciki. Babanki na ciki ko ba ya ciki?"

"Ban sani ba, Inna."

"To." Ta gyara zama. "Gobe da sahe in koma. Awakina babu mai ba su ruwa."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Na shiga madafa na tsaya gaban murhu, na rasa me na zo ɗauka. Ina share ido ɗiyata ta shigo, ta ja mini zane, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ki ce ma Inna kar ta tahi. Kullum Abba ya kunna ina ji. Na iya yadda Kaka yake hwaɗi, har wurin da yake tari."