Ɗamarar da Ba Ta Tsinke Ba

Ni da yayana mun yi aikin birkila a wani dogon bene da ake ginawa a bakin teku, daga unguwar Zango muke takawa kullum. Da gini ya yi sama, kamfani ya raba mana ɗamarar tsaro, wadda ake zura ƙafafu da kafaɗu a ciki, a maƙala ƙugiyarta a jikin ƙarfe. A Turai aka ɗinka ta, da awon ƙattin can. Mu kuwa 'yan koko da ƙosai, ko ka ja ta har hudar ƙarshe sai ta riƙa yawo a jikinka.

Yayana ya fi kowa rama, ga shi ana azumi. Ya kai tasa wurin baduku aka ƙara mata huda uku. Shef ɗinmu, mai kula da aiki, yana gani ya hau faɗa, wai an lalata kayan kamfani. Ya ƙwace ta ya ba shi sabuwa fil.

Na ce, "Yaya, cusa takardar siminti a ciki, haka duk muke yi." Ya cusa.

Ranar Talata bayan azahar katako ya goce masa. Ya sulluɓe daga cikin ɗamarar, ita kuwa ta tsaya tana lilo a sama.

Masu bincike suka jujjuya ta, suka ja ɗinkinta, suka ce lafiyarta ƙalau. Wa za ka kai wa ƙara, alhali ƙungiyar ma'aikata ma ta jam'iyya mai mulki ce?

Da na koma aiki bayan sadakar bakwai, ɗamarar nan tasa shef ya miƙo mini. Ni kuwa na fi Yaya ƙanƙanta.