Tafinta a Kasuwar Karshi

Shekarar da aka kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas zuwa Abuja, har da mu aka kwaso, don Baba direba ne a wata ma'aikata. Ina 'yar shekara tara, kuma ni ce babba. A gidanmu, in kai ne babba, to babu abin da ba ka iya ba. Ni ce mai goyon ƙanne, ni ce mai karanta wa Mama katin asibiti. In maƙwabciyarmu Bayarabiya ta shigo aron turmi, ni ake ƙwala wa kira, tunda da Yarabanci na tashi. Baba kuwa duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, "Wannan 'yar tawa babu yaren da ba ta ji."

Har ni ma na yarda.

Wata ranar kasuwa muka je Karshi sayen doya, muka tsaya gaban wata tsohuwa Bagwariya. Mama ta zungure ni ta ce, "Tambaye ta da yarensu, sabuwa ce ko ta bara?"

Ko kalma ɗaya ban sani ba. Amma ban taɓa ce wa Mama ban iya ba, bakina bai saba da faɗin haka ba. Sai na gyara tsayuwa, na cakuɗa Yarabanci da Turancin firamare da wasu kalmomi da na ƙirƙira nan take, na zuba mata, ina nuna doya.

Tsohuwa ta zuba mini ido. Can ta ce, da Hausa tiryan-tiryan, "'Yar nan, wannan yaren na wane gari ne?"

Mama ta riƙe baki. "Au, Iya, ashe kina jin Hausa?"

"Tun kafin a haife ki."

Masu doya na kusa suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ɓuya bayan zanen Mama, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwa ta jawo ni ta danƙa mini gasasshiyar masara.

Da muka koma gida Mama ta sa na maimaita wa Baba yaren nan da na ƙirƙira. Ya yi dariya har da hawaye. Na ɗauka daga ranar na huta da aikin tafinta. Sai ya share ido ya ce, "To, saura na Gwari ke nan. Sai ki koya."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa gefen tsohuwar nan ake zaunar da ni. Gaisuwa kawai na iya, sai kuma zaɓen doya mai kyau.