Rabi'u Mai Karatun Gajimare

A Matameye aka haifi Rabi'u, gonar mahaifinsa tana kan hanyar Ɗan Barto. Tun yana yaro, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne hadari ya haɗo baƙi ƙirin, mutane su fara ɗauko iri, sai iska ta kwashe shi ta yi wajen garin Dungu da shi. Da Allah ya kai shi jami'a sai ya zaɓi fizik, ya bi ɓangaren masu binciken gajimare da ruwan sama. Abokansa duk suka ruga wajen masu binciken hasken rana, wato sola, don can aiki yake.

Farfesa ɗaya tak ke riƙe da ɓangaren. Shekarar da Rabi'u zai fara bincikensa, mutumin ya samu gurbi a ƙasar waje ya tafi. Na'urar auna iska da ke kan rufin labo, ɗakin gwaje-gwajensu, ta mutu, aka ce kayan gyara suna hanya. Shugaban sashen ya kira shi ya ce, "Ko ka koma wajen ƴan sola, ko ka jira."

Ya jira har kuɗin karatunsa suka ƙare.

Yanzu ya dawo gida yana koyarwa a lise, wato babbar sakandare, da allo da alli. Kowace damina kawunsa Lawwali sai ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Kai da ka karanci sama, mu shuka ko mu dakata?"

"Kawu, ban sani ba."

"To, me ka je yi can?"

Wannan tambayar ta fi mari ciwo, domin Rabi'u ya san yadda ake neman amsar, abin aunawa ne babu. Bara ya shuka tare da kowa, ruwa ya ɗauke, hatsinsa ya ƙone kamar na kowa.

Kwanan baya wani tsohon abokinsa, wanda ya zama malami a sashen, ya kira shi: akwai gurbin bincike, amma a kan sola. Matarsa Zuhra ta ce, "Malam, ka karɓa mana. Shekaru fa ba jiranka suke ba."

Rabi'u ya ce zai yi tunani. Ya ɗauki jakarsa ya fita ko kokonsa bai sha ba. Har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba.