Jan Soɓo a Kan Ƙasar Gana

Duk sanda aka jiƙa soɓo a gidana, ƙamshinsa yakan mai da ni zauren kakana a Dosara. Karatuna bai yi nisa ba, kada ka zaci wani masani ke ba ka labari.

Ina aji biyar malaminmu ya ba mu aikin gida: mu zana taswirar Afirka, mu shafa ja a ƙasashen da Kiristoci suka fi yawa. Ba ni da fensirin kala, sai na roƙi kakata ruwan soɓo a murfin kwano, na tauna bakin tsinke ina dangwalawa. Ta zauna tana kallo. Da na shafe wata ƙasa a bakin teku, ta tambaye ni sunanta. Na ce Gana.

Can ƙanen babanmu yake fataucin goro, kuma an riga an yanke cewa bayan girbi yayana zai bi shi ya koyi sana'a. Ta tambayi ma'anar jan. Ni kuwa da son a ce na sani, na ƙara gishiri, na ce duk inda ja ya taɓa babu masallaci ko ɗaya.

Ranar ba ta ci tuwo ba. Da safe ta ce ɗanta ɗaya da ke can ya isa, ba za ta ba da jika a kai shi inda ba a kiran salla ba. Yayana ya daina yi mini magana. Ya riga ya sayi takalmin tafiya a kasuwar Maradun, ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Kakana bai yi gardama da ita ba. Da yamma ya ce mu raka shi gona, har da ita, wai ta ɗebo ganyen miya. Gero ya fi mutum tsayi a lokacin. Ya tsaya a bakin kunya ya tambaye ni gonar mece ce wannan. Na ce ta gero.

"To duƙa ka gaya wa kakarka abin da ka gani."

Na duƙa. Wake ne ya yaɗu a ƙasa, har ya fara fure.

"Malaminku daga hanya ya hango," in ji shi. "Bai yi ƙarya ba, geron ya fi yawa. Amma ke, Hajiya, wa ke yi miki ƙosai in ba na ƙasan ba?"

Ta harare shi, ta ce tsufa bai rage masa surutu ba. Sai dai ta kafa sharaɗi: in yayana ya je, ya aiko da labari ko yana jin ladan daga ɗakinsa, in ba ya ji ya dawo.

Bayan girbi ya tafi. Saƙon ya zo ta bakin wani direban motar goro. Wai ladanin unguwarsu ya fi na Dosara murya, kuma maƙwabciyarsa Kirista ce, ita ke buga masa ƙofa lokacin sahur.

Yau 'ya'yana a waya suke ganin irin wannan taswira, launinta tsaf, ba dangwale. Yayana ya tsufa a can, da jikoki. Bara da ya zo gida na ce masa, "Yaya, ka yafe mini, saura kaɗan bakina ya hana ka arzikinka."

Ya yi dariya, ya miƙo mini ɓarin goro.