Muryar Korar Janbaki

Jiya ina zaune a ƙofar gida wani yaro ya wuce yana kaɗa gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Na daka masa tsawa har ya yar da abin ya ruga. Bai yi mini laifin komai ba. Ƙarar ce ba na son ji, kuma in ka yi haƙuri zan gaya maka dalili.

Mu mutanen fadama ne, can gefen Auyo. Gandu ɗaya muke nomawa, kuma Baffa, wan mahaifinmu, shi ke riƙe da shi. In ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta ɗauki nono, iska takan zo da wani ƙamshi kamar na ɗanyar gumba, haɗe da warin laka. Baƙo zai ce sambarka. Mu kuwa mun san janbaki ya kusa. Ka taɓa ganin janbaki? Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso daga cikin ciyawar kacalla sai ka rantse hadari ne ya haɗo. In suka sauka a gona, kafin ka sha ruwa ka ajiye ƙwarya sun bar maka ƙaiƙayi. Shi ya sa ake kafa doguwar rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi ta ko'ina, a rataya musu gwangwanaye, a ɗora yaro a sama. Tun asuba har faɗuwar rana yana jan igiya, yana wurga curin laka da majajjawa, yana ihu.

Ni da ƙanena ajinmu ɗaya, don tare aka sa mu makaranta. Ba yabon kai ba, lissafi ni nake yi masa. Muna aji uku na sakandare malaminmu ya sa mu cikin waɗanda za su je Haɗeja jarrabawar shiga makarantar kimiyya, wadda daga ita sai jami'a. Ni likitan dabbobi nake so in zama, tun da na ga yadda Fulani ke miƙewa tsaye in ya shigo karar shanu a kasuwar Kafin Hausa. Sai jarrabawar ta faɗo daidai lokacin janbaki.

Baffa ya kira mu tsakar gida bayan la'asar. Yana kan buzu yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, mahaifinmu na gefe.

"Ku yi ihu in ji," in ji shi. "Kai babba, fara."

Na ɗauka wasa ne. Na cika ƙirji na saki murya, kaji suka watse, jaririn da ke bayan Inna ya farka da kuka, mata suna ta dariya. Ƙanena kuwa da ciwon ƙirji ya taso. Ya buɗe baki, abin da ya fito ko ɗan tsako ba zai kora ba.

Baffa ya gyaɗa kai. "Wannan ya tafi bokon, ba shi da amfani a gona. Kai kuwa Allah ya hore maka murya. Gobe ka hau rumfa."

Ka ji yadda aka yanke rayuwar mutum. Ba a tambayi wa ya fi kai ba, ba a tambayi wa ke so ba. Na dubi mahaifina, ya sunkuya yana tsintar abin da babu a kan tabarma. A gidanmu ƙane ba ya mayar wa wansa magana ko da ya yi furfura.

Malamin nan, Allah ya saka masa, har gona ya biyo mu. Ya naɗe wando ya ratso ruwa, ya durƙusa a kan kunyar gona gaban Baffa.

"Baba, yini ɗaya ne. A ba ni aron yaron nan."

"Malam, janbaki ya san jarrabawa? In ya cinye, takardar za mu tuƙa?"

Ran tafiyar, daga saman rumfa na hango kwalekwalen da ya ɗauke su zuwa bakin titi. Ƙanena na sanye da rigata ta makaranta, don tasa ta yage. Na yi ihu ranar har maƙogwarona ya fashe ina tofar da jini, Baffa yana ta yabona wai ban taɓa kora irin ta yau ba. Shinkafa ta tsira. Bayan girbi na koma aji na tarar 'yan ajinmu sun wuce, na zauna da ƙannen baya. Da kaka ta zagayo aka sake cewa in hau rumfa, ban ƙara komawa makaranta ba.

Baffa ya daɗe da rasuwa. An ce in yafe, na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa.

Abin da ya tayar mini da wannan ciwon, bana babban ɗana ya samu gurbi a jami'a. Ƙanena, wanda yanzu babba ne a wani ofis a Dutse, ya zo gaisuwar salla. Ya zauna a kan tabarmata yana juya makullin mota a yatsa.

"Yaya, da ka bar yaron nan ya kama noman rani. Digiri yanzu ba ya ba da aiki. Je ka tashar Haɗeja ka ga masu digirin da ke acaɓa."

Na san ba ƙarya ya yi ba. Na gan su, har ɗan maƙwabcina yana ciki. Amma daga bakinsa?

"Naka 'ya'yan fa," na ce, "a wace fadamar suke noman ranin?"

Duk suna jami'a.

Wai an ce zamani ya canza. Ya canza mana. Da, wanda bai san biyu ba a boko shi ke hana yaro karatu, kuma ko ba komai yunwa yake tsoro. Yanzu waɗanda suka sha karatun suka yi tumbi su ke zagayowa ƙauye suna ce wa 'ya'yanmu babu komai a ciki.

Yaro dai ya tafi, ni na raka shi tasha. Bana ni kaɗai ne a gonar, gwiwa na ciwo, ban damu ba. In ya gama bai samu aiki ba, ya dawo, fadama ba ta gudu. Ya zauna ya zagi digirin da bakinsa, ya ce ya yi nadama, zan saurare shi. Ni ko nadamar ba a bar ni na yi ba.